Gani Bai Kori Ji Ba: Hotunan Matan Masana'antun Yaƙi

A gidaje da yawa na Birtaniya akwai wani irin hoto da ake tsinta a ƙasan akwati bayan tsohuwar gida ta rasu. Girmansa bai wuce tafin hannu ba, ya yi ja-ja saboda daɗewa. A jikinsa budurwa ce tsaye, sanye da wando da taguwa mai kauri, ta cusa gashinta cikin hula mai tattara, wani lokaci da ɗan ƙarfe mai kusurwa uku maƙale a ƙirjinta. Jikoki da tattaɓa-kunne sukan zuba masa ido su ce ai ga shaida, kakarmu ta yi aikin harsashi lokacin yaƙi. Sau da yawa da gaskiyarsu, sai dai hanyar da suka bi suka kai ga hukuncin ce ba ta da ƙwari. Bahaushe ya ce gani ya kori ji, kuma a kasuwar shanu maganar tana nan daram. A kan tsohon hoto ne take tuntuɓe. Hoto na iya nuna irin aikin da mace ta yi da kusan shekarun da ta yi shi, amma sunanta da sunan masana'antar ba sa fitowa daga fuska ko tufafi. Waɗannan sai an jiyo su daga wani wuri, ko a bayan katin, ko a jaridar garin, ko a bakin tsofaffi.

Darajar waɗannan 'yan katuna ta samo asali ne daga 1915, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. A shekarar ne sojojin Birtaniya da ke fagen daga a Faransa suka koka cewa manyan bindigoginsu na igwa ba su da isasshen harsashi, jaridu kuwa suka yi ta hura wutar maganar har ta girgiza gwamnati. Aka kafa ma'aikatar makamai, aka ɗora David Lloyd George a kanta, aka shiga gina masana'antu ba dare ba rana. Da aka fara tilasta wa maza shiga soja a 1916, sai ma'aikata suka ƙara ƙaranci, mata suka yi ta kwarara: 'yan aikatau na gidajen attajirai, masaƙa, masu jiran kanti, matan sojoji. Kafin yaƙi ya ƙare a 1918, mata kimanin 900,000 ne ke aikin makamai. Masana'antar Gretna kaɗai, a kan iyakar Ingila da Sikotland, ta ɗauki mata fiye da 11,000 suna haɗa wani irin albarushi da ake kira kodayit. Ana tsagaita wuta aka fara sallamarsu, a 1919 kuma majalisa ta yi dokar mayar da ayyuka yadda suke kafin yaƙi, wato a mayar wa maza gurabensu. Ga inda gizo ke saƙa: an yi ƙidayar jama'a a 1911, ba a sake ba sai 1921. Yarinyar da aka rubuta 'yar aikatau a ta farko, aka rubuta matar gida a ta biyu, tana iya shafe shekara uku tana ɗura nakiya a tsakani ba tare da alƙalamin mai ƙidaya ya taɓa wannan ba. Rajistar ma'aikatan masana'antun ma kaɗan ce ta tsira. Yaƙin Duniya na Biyu ya fi wannan giɓi, domin takardun ƙidayar 1931 na Ingila da Wales sun ƙone a gobara a 1942, ta 1941 kuma ba a yi ta ba sam. Saboda haka a gidaje da dama hoton nan shi ne kaɗai takardar da ta rage. Shaida kuwa idan ya zama shi kaɗai, shi ya fi cancanta a yi masa tambayoyi.

Abin da ya fi yaudarar ido shi ne wando. Mai kallo na yau yana ɗauka cewa macen Ingila da ta sa wando shekara ɗari da suka wuce lallai a gidan harsashi take. Ba haka abin yake ba. Tun a ƙarni na 19 matan da ke tsince gawayin kwal a bakin ramukan haƙa na Wigan suna sa wando ƙarƙashin siket, har masu ɗaukar hoto suna sayar da hotunansu a matsayin abin mamaki. Da yaƙi ya zo, wando ya bazu zuwa duk inda aiki ke da nauyi ko datti: gidajen iskar gas, wuraren ƙera jiragen ruwa, masu wanke taragon jirgin ƙasa, har da gonaki, inda rundunar matan noma da aka kafa a 1917 ke sa wando mai tsuke gwiwa da malafa. A ɗaya ɓangaren kuma, dubban matan makamai ba su taɓa sa wando ba, doguwar rigar aiki ce har ƙauri. Hular ma haka take. An ƙaƙaba ta ne don kada belin inji ya fizgi gashi, hatsarin da ke nan a masana'antar biskit kamar yadda yake a ta bam. Iyakar abin da wando da hula ke tabbatarwa shi ne mai su ta yi aikin ƙarfi, kuma mai yiwuwa a shekarun yaƙi.

Bajon tagulla mai kusurwa uku ya fi su nauyi a ma'auni. An fara raba wa mata shi a 1916, da hoton kambin sarauta a tsakiya, da rubutun da ke cewa mai shi tana hidimar yaƙi, da lamba a bayansa. Duk hoton da yake ciki bai riga 1916 ba, wannan kam babu ja. Sai dai shekarar da ke jikinsa ta ƙirarsa ce, mace na iya ɗaukar hoto da shi a 1918. Sannan abin da ma'aikatar ke kira makamai yana da faɗi ƙwarai. Mai shafa wa fiffiken jirgin sama sinadari da mai haɗa akwatin katako na zuba harsashi duk a ƙarƙashinta suke. Wanda ke son ya matso kusa sai ya san cewa aikin harsashin kansa gida biyu ne. Akwai inda ake feƙe kwanson ƙarfe a kan inji, akwai kuma inda ake ɗura masa nakiya, kuma sau da yawa garuruwansu ma daban. A na farko ƙarfe ne ko'ina, riga duk baƙin mai. A na biyu ƙarfe abokin gaba ne, domin tartsatsi ɗaya ya isa ya tashi ginin. A bakin ƙofa ake caje mata, a karɓe ashana da fil ɗin gashi, su tuɓe takalman gida masu ƙusa su sa na roba, riga kuma da igiya ake ɗaure ta ko maɓallin da ba na ƙarfe ba. Wadda aka kama da ashana tara ce ko gidan yari. To idan aka ga mace a hoto da zobe da agogo da bajon tagulla a kan rigar aiki, abu biyu ne: ko ba a ɓangaren nakiya take ba, ko kuma ba a wurin aiki aka ɗauki hoton ba. Na biyun ya fi yawa.

Akwai alamar da kowa ke so ya gani, wadda hoto ba zai taɓa nunawa ba. Garin nakiyar TNT yakan rina fatar masu ɗura shi ta koma ruwan ɗorawa, gashin goshi ya yi ja, abin da ya sa aka yi musu laƙabi da 'yan kanari, da sunan tsuntsun nan mai rawaya. Wasu ya taɓa musu hanta, ciwon shawara ya kama su, wasu suka mutu. Amma hoton zamanin fari da baƙi ne, kuma sinadarin da ake ɗauka da shi a lokacin yakan fito da ja da rawaya da duhu fiye da yadda ido ke ganinsu. Fuskar da ta yi duhu a kati tana iya zama ta TNT, tana iya zama ƙunar rana, tana iya zama rashin haske a shago. Manhajojin da ke sa wa tsofaffin hotuna launi a yau ba su warware wannan ba, ƙara dagula shi suka yi. Manhajar ba ta ga launin a hoton ba, cinta take yi daga dubban hotunan da aka horar da ita da su, don haka takan ba wa 'yar kanari kumatu jajaye masu sheƙi kamar ba ta taɓa shaƙar komai ba. Jikan da ya rataye irin wannan hoto a falo ya shafe ainihin abin da kakarsa ta sha, alhali yana ganin karrama ta ya yi.

Daga tufafi sai a koma kan wurin. Dokar tsaron ƙasa ta 1914 ta taƙaita ɗaukar hoto a wuraren da suka shafi yaƙi, ma'aikaciya ba ta isa ta shiga da kyamara ɗakin nakiya ba. Hotunan cikin masana'anta da suka shahara, irin waɗanda Horace Nicholls ya ɗauka a Chilwell kusa da Nottingham a 1917, inda mata ke tsaye tsakanin layukan manyan harsasai iya ganin ido, aikin hukuma ne, an shirya su don a nuna wa duniya cewa ƙasa ta tashi tsaye. Hoton da ke akwatin gida kuwa galibi na shago ne. Yarinya ta karɓi albashin da ba ta taɓa riƙe irinsa ba, ta saka kayan aikinta, ta tsaya gaban labulen da aka zana wa lambu ko baranda, ta sa aka wanke mata a kan katin aika saƙo don ta tura wa mahaifiya ko saurayi a bakin daga. Wannan shi ya sa bayan katin ya fi gabansa magana. A can ne hatimin mai shagon yake, da sunan titinsa, kuma littattafan adireshin 'yan kasuwa irin na Kelly suna nuna shekarun da shagon ya yi a wannan titi. In an aika katin, tambarin gidan waya ya ba da rana da gari. Wanda ya yi sa'a ya sami hoton rukuni a farfajiyar masana'anta, da ɗan allo a gaba an rubuta lambar ɗaki da alli, to ya tsinci dami a kala. Ko a nan ma da sauran taka-tsantsan, domin garin mai hoto ba lallai ya zama garin masana'anta ba, balle garin haihuwa. Gretna ta kwaso mata daga Ayalan da tsaunukan Sikotland ta zaunar da su a gidajen kwana, masana'antar Barnbow da ke gefen Leeds kuma jiragen ƙasa na musamman ke kawo mata ma'aikata daga garuruwan kewaye kullum.

Wani ruɗanin kuma na yaƙe-yaƙen biyu ne. Shekara ashirin da ɗaya ce kawai tsakanin ƙarshen na farko da farkon na biyu, a gida ɗaya uwa ta yi wancan 'ya ta yi wannan, bayan shekara tamanin labarinsu ya cakuɗe a bakin jikoki. Abin da ke kanta ne ke raba gardama. Hula mai tattara ta yaƙin farko ce, ɗaurin ɗankwali mai ƙulli a goshi da ragar gashi na na biyu ne, lokacin da hukumomin Amurka suka roƙi 'yar fim Veronica Lake ta daina sako gashi a kan ido ɗaya saboda ma'aikata na kwaikwayonta injuna suna kama su. Bambancin ya wuce na ado. Matan yaƙin farko da ƙafarsu suka je, amma daga Disambar 1941 doka ta ba gwamnatin Birtaniya ikon kiran matan da ba su da aure, 'yan shekara 20 zuwa 30, ta tura su soja ko masana'anta. Masu karatu a Arewa ba baƙi ba ne ga irin wannan. Gidaje nawa ne ke da hoton kaka cikin kaki, kowa na cewa ya je Bama, alhali sojojin Afirka ta Yamma sun yi yaƙin Habasha tun kafin nan, wasu kuma ba su bar bariki ba? A nan ma ƙyallen kafaɗa ne ke magana: baƙin gizo-gizo na runduna ta 81 ne, masu biyu gicciye a kan gammo na ta 82.

Mai ja zai ce, in haka ne ashe labarin gida ba abin kamawa ba ne, sai takardar hukuma. Wannan ma kuskure ne, kuma Barnbow ta isa misali. Daren 5 ga Disambar 1916 wani ɗakin ɗura harsashi ya tashi a can, mata 35 suka mutu. Saboda takunkumin yaƙi jaridu ba su faɗi abin da ya faru ba, sanarwar rasuwa ta ce hatsari ne kawai, ba wuri ba dalili. Shekaru suka shuɗe kafin jama'a su ji cikakken bayani. A duk tsawon lokacin, iyalai ne ke riƙe da gaskiya, takarda ce ke ɓoye ta. Abin lura shi ne labarin baka yana da inda yake ƙarfi da inda yake rauni. Yakan riƙe abin da jiki ya ji: cewa hannuwanta sun yi rawaya, cewa ana ba su madara kyauta a wurin aiki, cewa da asuba take kama jirgi. Irin waɗannan ba a cika ƙirƙirarsu ba, kuma kowanne yana nuni da ɓangaren nakiya. Inda yake zamewa shi ne sunaye da shekaru, domin baki yakan ja labari zuwa ga sunan da ya fi shahara. Ƙaramar masana'antar bayan gari ta ɓace, kowace kaka ta koma ma'aikaciyar shahararriyar masana'antar Woolwich.

Wani kuma zai ce duk wannan ƙwaƙƙwafi na mene ne, tunda ko ta feƙe kwanso ko ta ɗura nakiya ai hidimar yaƙi ta yi, kuma gida ba kotu ba ne. Amsar tana cikin abin da ya faru da hoto mafi shahara a wannan fage. A Maris na 1942 wani mai ɗaukar hoton jarida ya shiga sansanin jiragen saman sojan ruwa da ke Alameda a Kalifoniya, ya ɗauki wata budurwa da ɗankwali mai ɗigo-ɗigo ta sunkuya a kan inji. Shekara guda bayan haka kamfanin Westinghouse ya liƙa wata fosta ta J. Howard Miller a masana'antunsa na mako biyu kacal, mace da irin wannan ɗankwali ta naɗe hannun riga tana nuna ƙwanji. Fostar ta kwanta shekara arba'in, sannan ta farfaɗo ta zama tambarin ƙwazon mata a duniya, ana kiranta Rosie. A shekarun 1980 wata mata a Michigan, Geraldine Hoff Doyle, ta ga hoton budurwar a mujalla ta ce wannan ai ita ce. Ba ƙarya ta shirya ba. Ta yi aikin matse ƙarfe na ɗan lokaci a 1942 tana da shekara 17, kuma duk wanda ya dubi hotunanta na ƙuruciya zai ce ita ce. Jaridu suka ɗauka, majalisar jiharta ta karrama ta, da ta rasu a 2010 duniya ta yi ta'aziyyar Rosie. Kowa ya gani da idonsa, kuma kama da wane ba ta wane.

Wanda ya warware ƙullin wani malamin jami'ar Seton Hall ne, James Kimble, kuma bai yi shi da gwada hanci da haɓa ba. Shekaru ya yi yana bin dillalan tsofaffin hotuna har ya sami asalin kwafin da ɗan rubutun da kamfanin labarai ya manna masa. Rubutun ya ba da rana, ya ce Alameda, ya ce sunanta Naomi Parker. A watan da aka ɗauki hoton, Geraldine tana makaranta a Michigan, dubban kilomita daga wurin. Kimble ya buga bincikensa a 2016, bai kuma wuce gona da iri ba: takardar ta tabbatar da wadda ke cikin hoton, amma babu rubutun da ya nuna cewa Miller ya kalli hoton kafin ya zana fostarsa, don haka wannan ya tsaya a matsayin zato mai ƙarfi. Idan hoton da miliyoyin mutane suka kalla, masana suka yi rubutu a kansa, ya yi shekara wajen talatin da sunan wata, ina ga ɗan katin da mutum biyar suka taɓa gani? Kuma kuskuren ba kyauta yake tafiya ba, duk sunan da aka ɗora bisa zato wata aka ture. A Chilwell, inda fashewar 1 ga Yulin 1918 ta kashe mutum 134, gawa 32 kawai aka iya ganewa, sauran aka haɗa su a kabari ɗaya a Attenborough babu suna. Matan da aka sallama aka manta da su ta wannan hanya ba su cancanci jikokinsu su ƙara musu wani ruɗanin ba.

Ita Naomi tana raye duk tsawon wannan lokaci. A 2011 ta je taron tsofaffin ma'aikatan yaƙi a Richmond ta Kalifoniya, ta ga hotonta a bango da sunan wata a ƙasa. Ta rubuta wa hukumar wurin, ta aika da yankin jaridar 1942 mai ɗauke da hoton da sunanta, wanda ta adana kusan shekara saba'in. Aka gode mata, aka kuma nemi ta taimaka a gano ko wace ce matar da ke cikin hoton. Sai da Kimble ya ƙwanƙwasa ƙofarta a 2015 ta sami wanda ya saurare ta. Ta rasu a Janairun 2018 tana da shekara 96.